Farar barewa, baƙa da mai dabbare-dabbare: abin da ke sauya launin naman dawa

Duk mai ɗan'uwa a Amurka ko Turai, ko wanda ke cikin zauren WhatsApp na ƴan garinsu, da wuya a ce irin hoton nan bai taɓa faɗo mashi cikin tarho ba: wata dabba mai kama da barewa, fara fat kamar an shafe ta da alli, tana tsaye bakin hanya tare da ƴan'uwanta jajaye. Nan take sai gardama ta tashi. Wani ya ce haɗin kwamfuta ne, wani ya ce ai wannan ba dabba ba ce, mutanen ɓoye ne, wani kuma ya ce wanda ya gan ta ya yi arziki. To, dabbar dai akwai ta. Akwai fara, akwai baƙa wuluk, akwai mai dabbare-dabbare, kuma kowace da dalilinta.

Wace barewa ake nufi?

Sai mun fara raba wannan, don sunan yana rikita mutane. Dabbar da ke cikin waɗannan hotuna ba barewar dajinmu ba ce, ko da yake ba mu da wani suna da za mu kira ta da shi sai barewa. A ƙaho ake gane su. Ƙahon barewarmu, da na gada, da na gwanki, tilo ne ba ya reshe, kuma in ya fito ya fito ke nan har dabbar ta mutu. Na barewar ƙasashen sanyi ƙashi ne zalla, yana yin rassa kamar itace, ya faɗi kowace shekara wani sabo ya tsiro, kuma a mafi yawan irinsu namiji kaɗai ke da shi. Faransawa na ce ma namijin cerf, macen biche. Shi ya sa ƴan lakkol suka saba kiran barewarmu biche, alhali ba danginsu ɗaya ba.

A duk faɗin Afirka wuri guda ne wannan dabba take da asali: dazuzzukan da ke kan iyakar Aljeriya da Tunisiya, sai Maroko da aka sake maida ta bayan ta ƙare. Kudu da hamada ba ta da asali. Amma abin da ke sauya mata launi shi ne dai ke sauya launin akuya, da raƙumi, da ɗan Adam.

Daga ina launi yake fitowa?

Cikin fatar dabba akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da aikinsu shi ne haɗa wani sinadari da ake kira melanin. Shi ne rinin jiki. Iri biyu ne, ɗaya yana ba da baƙi da ruwan ƙasa mai duhu, ɗaya yana ba da ja da rawaya. Yadda aka gauraya su a gashi shi ke sa a ga dabba ja, ko baƙa, ko ruwan toka. Wannan rini ba a gashi kaɗai yake ba, yana cikin ido, da hanci, da kofato.

Yadda jiki zai haɗa rinin kuwa gado ne. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a maganar launi gadon yana da ɓoyo. Kowane ɗa yana karɓar rabi daga uwa, rabi daga uba. Gadon fari irin wanda ke ɓuya ne: in ɗa ya same shi ta gefe ɗaya kawai, sai ya fito da launin kowa, yana ɗauke da abin cikin jini ba wanda ya sani. Sai ranar da uwa mai ɗauke da shi ta haɗu da uba mai ɗauke da shi. A nan ma ba dole ba ne, a kowace haihuwa damar ɗaya ce cikin huɗu. Kun ga dalilin da jar uwa za ta haifi farin ɗa, shekara mai zuwa kuma ta haifi ja. Makiyaya sun san wannan tun kafin likitoci su ba shi suna.

Fari iri biyu ne

Na farko shi ne zabiya. Jikinta ba ya iya haɗa melanin ko kaɗan. Gashi fari, hanci ja-ja kamar naman da aka feɗe, kofato fari-fari, ido kuma ja ko mai haske ƙwarai, saboda jinin da ke cikinsa ne ake hangowa. Ido na buƙatar wannan rini don ya ginu daidai, shi ya sa zabiyar dabba ba ta gani sosai, kuma hasken rana na damunta. Tana da wuyar samu. A irin barewar Amurka mai farar wutsiya, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ɗaya cikin 20,000 zuwa 30,000.

Na biyu fara ce amma ba zabiya ba. Jikinta na haɗa rinin, sai dai bai kai ga gashi ba. Idonta baƙi ne ko ruwan ƙasa kamar na sauran, kuma ganinta lafiya lau. Mafi yawan fararen barewar da ake turo hotonsu wannan ce. Wanda ya san saniyar bunaji zai gane bambancin da sauri: fara ce tas, amma dubi idonta da hancinta da bakin kunnuwanta, baƙaƙe ne, ba wanda zai ce mata zabiya. Don haka in hoto ya zo, a buɗa shi a dubi ido da hanci kafin a yanke hukunci.

Tunda maganar ta biyo ta nan: zabiyar mutum ma haka abin yake. Gado ne daga uwa da uba duka biyu, ba laifin uwa ba ne, ba aikin iska ba ne, ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare. Abin da yaron ke buƙata shi ne malafa, da riga mai dogon hannu, da inuwa, da zama a layin gaba cikin aji saboda ido. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga watan Yuni na kowace shekara don tunawa da su.

Mai dabbare-dabbare

Wannan ta fi sauran yawa, ko da yake ita ma ba ta kai biyu cikin ɗari ba. Wani wuri fari, wani wuri ja, kamar an watsa mata nono. Wata ɗan tabo ne kawai a kwiɓi, wata kuwa kai ne kaɗai ya rage da ja. Ba a samun biyu masu zane iri ɗaya. Dalili shi ne tun ɗan yana ciki, ƙwayoyin nan masu haɗa rini suna tasowa ne daga wajen gadon baya su bazu cikin jiki. Inda suka kai ya yi launi, inda ba su kai ba ya tsaya fari. Shi ya sa farin ya fi kama ciki da ƙafafu, wuraren da suka fi nisa da baya.

Abin tausayi, a barewa wannan zane yakan zo da nakasa. Ana samun masu gajerun ƙafafu ko karkatattu, masu doro, masu lanƙwasasshen hanci, masu gajeren muƙamuƙin ƙasa. Wadda abin ya yi ma yawa ba ta daɗewa. Wasu kuma sai su tashi garau, ba abin da ya same su ban da launi. A ƙasarmu akwai misalin da ya yi kama da wannan: raƙuman nan na Abzinawa masu dabbare-dabbare da shuɗin ido. Masu su sun daɗe da sanin cewa da yawansu ba su ji sosai, wasu ma kurame ne. Ba haɗuwar banza ba ce, don irin ƙwayoyin da ke rina gashi akwai su cikin kunne, kuma ji na dogara da su.

Fararen barewar barikin Seneka

Garken fararen barewa da ya fi suna a duniya yana cikin jahar Niyok ta Amurka, nesa da babban birnin, a wani wuri da ake kira Seneka. A 1941 sojan Amurka suka gina rumbun ajiyar makamai a can, fili sama da hekta 4,000, suka kewaye shi da shingen waya mai tsawon kusan kilomita 39. Wasu barewa da ke cikin dajin sai shingen ya rufe da su. A 1949 aka fara ganin farare a ciki. Bayan ƴan shekaru shugaban barikin ya ba da umarni: ana iya farautar jajaye don kada su yi yawa, amma kada wanda ya taɓa fara.

Ku dubi abin da ya haɗu. Shinge ya hana baƙin jini shigowa, dangi na ta barbarar dangi, gadon da ke ɓoye yana ta haɗuwa da ɗan'uwansa. Sannan bindiga na rage jajaye tana barin farare. Da haka farare suka kai wajen 200 a lokacin da suka fi yawa. Ba zabiyoyi ba ne, idonsu ruwan ƙasa ne. An rufe barikin a shekarar 2000, aka yi ta muhawara kan makomar dabbobin, don in shinge ya faɗi garken zai watse cikin sauran, farin ya sake ɓuya. A 2016 wani ɗan kasuwa ya sayi babban ɓangaren filin, aka ci gaba da kula da su.

Mutumin Maraɗi ba zai yi mamakin wannan ba. Jar akuyar Maraɗi ba haka kawai ta zama ja gaba ɗaya ba, zaɓe ne: a bar jan bunsuru, a fidda mai tabo daga garke, shekara da shekaru. Tunkiyar uda mai gaba baƙi baya fari ita ma hannun makiyayi ne ya tsare ta a haka. Bambancin kawai, a daji ba makiyayi, mai zaɓen shi ne maci nama. Barewar Amurka na haihuwa ne a watan Mayu da Yuni, lokacin da ciyawa take kore shar, ba ƙanƙara. Jan ɗa mai ɗigo-ɗigo in ya kwanta cikin ciyawa sai ka taka shi ba ka gani ba. Farin ɗa kuwa daga nesa dilan dajin ke hango shi.

A harbe ta ko a bar ta?

A Amurka kowace jaha da dokarta. Wiskonsin, da Ilinoi, da Ayowa, da Tenesi sun hana harbin zabiya ko farar barewa. A arewacin Wiskonsin akwai wani ƙaramin gari, Bolda Jankshin, da mutane ke zuwa takanas don su gan su. Jahar Mishigan kuwa ta taɓa hanawa, ta ɗage hanin a 2008. Masana dabbobi da dama suna ganin kariyar ba ta da tushe a ilimi, wai ana raya gadon da ke zuwa da raunin ido da nakasa. Mutanen gari su kuma suna cewa abin da ba a gani sai sau ɗaya a rayuwa bai kamata ya ƙare a bangon ɗakin mutum guda ba. Maganar masana gaskiya ce a kan zabiya da mai dabbare-dabbare. A kan fara mai baƙin ido da ke da cikakkar lafiya, hujjarsu ba ta da ƙarfi sosai.

Baƙa ta fi fara wuyar gani

Akasin zabiya shi ne rinin ya yi yawa, dabbar ta fito baƙa ko ruwan gawayi, har farin da ke ciki da maƙogwaro ya ɓace. A barewar Amurka wannan shi ne launin da ya fi ƙaranci, mafarauci na iya tsufa bai gamu da ita ba. Sai wuri guda, tsakiyar jahar Teksas, kewayen birnin Ostin, inda wani binciken jami'a da aka fitar a 1999 ya samu wajen 8 cikin ɗari baƙaƙe ne. Yanki ne mai kwazazzabai da kurmi mai duhu, inda baƙin launi ba ya tona asirin mai shi. A arewa maso yammacin Jamus ma an daɗe da sanin wata ƙaramar barewa da ake samun baƙaƙe cikinta. Baƙar ba ta da raunin ido ko nakasar da aka ambata a sama.

Ingila daban take

Ƴan'uwan da ke Ingila su yi hattara, don can farar barewa ba lalle abin mamaki ba ce. Akwai wani iri mai faffaɗan ƙaho kamar tafin hannu, wanda sarakuna da attajirai suka yi ɗaruruwan shekaru suna kiwo cikin gandu. Launinsa huɗu ne sanannu: ja mai ɗigo, mai haske da ɗigo ya fi fitowa, baƙi, da fari. Farin ana haihuwarsa ne ruwan yashi, yana girma yana ƙara fari, idonsa baƙi. A gidan gandun Hoton da ke yankin Nofok akwai garke guda na farare. Sarki Ricad na biyu, wanda ya yi mulki daga 1377 zuwa 1399, farin namijin barewa ne tambarinsa, kuma har yau mutanen ƙasar na girmama wannan dabba. A watan Satumba na 2021 wani fari ya shigo cikin titunan Butil, kusa da Libapul, ƴan sanda suka harbe shi don tsoron haɗarin mota. Mutane da yawa sun yi fushi ƙwarai.

Abin da ido ke ruɗuwa da shi

Ba duk baƙon launi ne gado ba. Barewar ƙasashen sanyi na sauya gashi sau biyu a shekara, ja lokacin zafi, ruwan toka lokacin sanyi, kuma a tsakani takan yi kaca-kaca kamar mai ciwo. Ƙazwa na cinye gashi ta bar fata baƙa ko fari-fari. Dabbar da ta yi birgima cikin jar ƙasa ko toka za ta tashi da launin wurin. Ɗigo-ɗigon jikin jariri ba dabbare ba ne, yana ɓacewa bayan wata uku zuwa huɗu. Ga hasken almuru, ga fitilar mota, ga hazo. Sannan yanzu ga hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira, inda za ka ga barewa shuɗiya ko mai zanen damisa. Wannan kam ƙarya ce, melanin ba ya ba da shuɗi ko kore a gashin dabba.

Namu na gida

Dajinmu yana da fararen dabbobin da farinsu shi ne daidai, ba kuskuren gado ba. A Termit da Tin Tumma, gandun da aka kafa a 2012, akwai dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira adaks. Lokacin ɗari ruwan toka take, lokacin bazara sai ta koma kusan fara tas, don farin gashi na maida zafin rana. Ta kusa ƙarewa: wani ƙidayar da aka yi a watan Maris na 2016 uku kacal aka gani.

Sai mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ke amsa sunanta. Ita ce babba cikin barewa, wuya da baya ja, ciki da gindi fari. Launinta na bin ƙasa: ta yamma wajen Maroko ja ya rufe kusan duk jiki, ta gabas wajen Cadi da Sudan fari ya fi yawa, ja ya rage a wuya da kafaɗa, tamu kuma tana tsakani. Kaɗan suka rage a duwatsun Abzin da Termit. Raƙuman dawan Kure su ma sun fi na gabashin Afirka hasken jiki, irinsu ne haka. A 1996 saura 49, kariya ta sa suka haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai gandun Gadabeji cikin jahar Maraɗi.

Abin da ya faru a Kenya ya isa a tsaya a kansa. A 2017 aka ɗauki bidiyon wata farar raƙumar dawa da ɗanta a yankin Garisa, farare masu baƙin ido. Duniya duk ta gani. A watan Maris na 2020 aka tsinci gawar uwar da wani ɗan nata, ɓarayin daji sun kashe su. Namiji guda ya rage, a watan Nuwamba na wannan shekara aka ɗaura mashi na'ura a ƙaho don a riƙa sanin inda yake. A Afirka ta Kudu kuma kuɗi ne suka shiga maganar. Masu gandun kiwon naman dawa suka riƙa haɗa dangi da dangi don su samu baƙaƙe da farare da masu ruwan zinariya, farashi ya hau sama ƙwarai wajen 2014, ba a jima ba ya faɗi warwas, da aka gane masu kiwon ne ke saye daga juna, mafarautan da ake jira ba su zo da yawa ba.

In ka gamu da ita

Manomi ko makiyayin da ya ga barewa ko gada mai baƙon launi, abu na farko kada ya bi ta. Dabbar da aka kora da babur cikin zafin rana tana iya faɗuwa ta mutu ko ba a taɓa ta ba. A tsaya nesa, in da tarho a ɗauki hoto ko bidiyo, a yi ƙoƙari kai ya fito. A riƙe launin ido da hanci, da inda farin ko baƙin ya kama a jiki, da yadda take tafiya, da ko ita kaɗai ce ko cikin garke, da rana da lokaci. Waɗannan su ne abin da ma'aikatan gandun daji za su tambaya, kuma su ya kamata a fara gaya ma, ko a bi ta hannun maigari.

Hoton kuma in za a sa a Facebook ko a tura zaure, kada a faɗi sunan dajin ko rijiyar da aka gan ta. Saƙo ɗaya kafin magariba ya kai garuruwa goma, kuma ba kowa ke kallo don sha'awa ba. Dokar ƙasa mai lamba 98-07 ta 29 ga watan Afrilu 1998 ita ke tsara farauta da kare naman dawa a Nijar. Ta hana farauta ba da izini ba, adaks da mena da raƙumin dawa kuwa suna cikin waɗanda aka hana taɓawa gaba ɗaya, ko wane launi gare su.

Wanda ya tarar da ɗan barewa kwance shi kaɗai ƙarƙashin kalgo ko cikin ciyawa, fari ne ko ja, kada ya ɗauka da sunan taimako. Ba maraya ba ne. Uwar ce ke ɓoye shi ta tafi kiwo, ta dawo ta ba shi nono in ta ga wurin ba kowa, kuma muddin mutum na tsaye kusa ba za ta matso ba.